Bretagne: Fashin Baƙi Kan Gaɓar Keltawan Faransa, Inda Teku Ke Tsara Wa Baƙo Yininsa

A arewa maso yammacin Faransa akwai wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, ruwa ya kewaye shi ta fuska uku. Faransawa na kiransa Bretagne, masu Ingilishi su ce Brittany, 'yan ƙasa kuma da harshensu su ce Breizh. Mutanensa sun kai wajen miliyan 3.4, babban birninsa Rennes. Gaɓarsa kuwa, in aka bi kowane lungu da saƙo, ta kai kimanin kilomita 2,700, kusan sulusin gaɓar Faransa ta nahiyar Turai ke nan.

Masu tallan yawon buɗe ido sun naɗe duk wannan cikin kalma biyu, "ƙasar Keltawa". Sun ɗauko dutsen da aka kafa shekara dubu shida da suka wuce, da kiɗan da aka tsara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da wainar da ake toyawa a bakin titi, sun ce duk gadon mutane ɗaya ne. Ba haka ba ne. Abin da ya fi ɗaukar ido a yankin ba na Keltawa ba ne, abin da yake nasu na haƙiƙa kuma shi ne wanda baƙo zai iya yin mako guda bai ji shi ba. Sannan akwai mai gida na gaskiya, wato teku, wanda ke yanke wa kowa lokacin fita da lokacin komawa.

Su wane ne Keltawan nan?

Keltawa tsofaffin ƙabilu ne na Turai masu harsuna 'yan gida ɗaya. Yau ana lissafa yankuna shida da harshen Keltawa ya rage a cikinsu: Ireland, Scotland, tsibirin Man, Wales, Cornwall da Bretagne. Biyar suna can tsibiran Birtaniya da Ireland, Bretagne ce kaɗai a kan nahiyar Turai. Yadda aka yi ta zama haka shi ne mabuɗin tarihinta.

Zamanin Rumawa sunan wurin Armorica, kuma ƙabilun Gaul, wato Keltawan Faransa ta dā, ne ke zaune a ciki. Mafi ƙarfinsu a teku su ne Veneti, waɗanda rundunar Julius Caesar ta murƙushe a yaƙin jiragen ruwa a shekara ta 56 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan ƙarfin Rum ya karye, musamman a ƙarni na 5 da na 6, sai jama'a suka riƙa tsallako teku daga kudu maso yammacin Birtaniya, tare da limaman Kirista da ke jagorantarsu, suka zauna a wannan gaɓa. Da harshensu suka zo, da sunan ƙasarsu. Shi ya sa harshen Breton bai gaji na Gaul kai tsaye ba. 'Yan'uwansa na jini su ne harshen Cornwall da na Wales. Shaidar tana kan allunan hanya har gobe: garuruwan da sunansu ya fara da Plou, da Lan, da Tre sun cika yammacin yankin, kuma Lan da Tre ɗin nan suna nan birjik a Cornwall, a Wales ma haka, sai dai can Llan suke rubutawa.

Sun yi mulkin kansu na tsawon lokaci. Shugabansu Nominoe ya ci sarkin Faransawa Charles a yaƙin Ballon a 845. Aure ne ya yi abin da takobi ya kasa: Anne, magajiyar sarautar Bretagne, ta auri Charles na Takwas a 1491, bayan mutuwarsa ta auri Louis na Goma Sha Biyu a 1499, a 1532 kuma aka haɗe ƙasar da Faransa a hukumance. Fadar sarakunan tana Nantes, birnin da taswirar mulki ta yau ta fitar daga yankin. Wannan magana ce da har yanzu ke tayar da jijiyar wuya, don haka baƙo ya yi hankali kafin ya ce wa mutumin Nantes shi ba ɗan Bretagne ba ne.

Duwatsun da suka girmi Keltawa

A Carnac, kudancin yankin, akwai duwatsu sama da 3,000 da aka kafa tsaye, sahu-sahu, a tsawon kusan kilomita 4. Manyan rukunonin su ne Ménec, Kermario da Kerlescan. A Ménec sahu goma sha ɗaya ne, kuma in ka tsaya daga yamma za ka ga duwatsun sun kai mita 4, sai su yi ta ƙanƙancewa yayin da kake nausawa gabas, har su koma ba su wuce gwiwa da yawa ba. An kafa su ne tsakanin wajen 4500 zuwa 3300 kafin Miladiyya. Keltawa ba su bayyana a yankin ba sai bayan fiye da shekara dubu biyu. Manoman zamanin dutse ne suka yi aikin, mutanen da ba su bar rubutu ba. Duk wanda ya gaya maka bokayen Keltawa ne suka jera su, tatsuniyar marubutan ƙarni na 18 da na 19 yake maimaita maka. A watan Yulin 2025 UNESCO ta sa wuraren cikin jerin kayan tarihin duniya.

Wurin da ya fi Carnac girgiza mai kallo shi ne Gavrinis, wani ɗan tsibiri a cikin mashigin Morbihan, ana zuwa da kwalekwale daga Larmor-Baden. Kabari ne na tulin duwatsu, da rariya mai tsawon mita 14. Cikin manyan alluna 29 da suka yi bangonsa, 23 an sassaƙa su da zane mai kama da zanen yatsan mutum, da gatura, da layuka masu lanƙwasa. A 1984 masu tono suka gano cewa dutsen da ya rufe ɗakin ƙarshe ɓari ne na wani dogon dutse da ya karye. Zanen ƙahonin bijimi da ke bayansa ya dace daidai da ragowar zanen da ke jikin murfin wani kabari a Locmariaquer, kusan kilomita 4 daga nan. Wato mutanen sun fasa tsohon dutsensu, suka raba, suka ja ɓari mai nauyin tan masu yawa zuwa wani wuri. A Locmariaquer ɗin ne kuma wani babban dutse daban yake kwance, ya karye gida huɗu, wanda da yake tsaye ya haura mita 20, nauyinsa wajen tan 300.

Abin da ke ɓata wa baƙi rai a nan shi ne shinge. Tun 1991 aka killace sahun Carnac, saboda sawun jama'a ya kashe ciyawa, ƙasa ta zaizaye, gindin duwatsun ya fara fitowa. Daga Afrilu zuwa Satumba ba a shiga ciki sai da ɗan rakiya da tikiti. Daga Oktoba zuwa Maris a buɗe yake kyauta. Gavrinis kuwa akasin haka ne, da rani ake zuwa, kuma sai an kama gurbi tun da wuri domin kwalekwalen ba ya ɗaukar mutane da yawa.

Gadon da ke numfashi da ƙyar

Wajen 1950 masu jin harshen Breton sun kai kimanin miliyan ɗaya. Ƙidayar 2018 ta ba da wajen 207,000. Ta 2024 ta ba da wajen 107,000. Cikin shekara shida rabi ya tafi, domin yawancin masu harshen tsofaffi ne da suka sha shi a nono, kuma ƙasa tana ta karɓarsu.

Ba haka kawai harshen ya wayi gari a wannan hali ba. Makarantar gwamnati ta yaƙe shi. Yaron da aka ji ya yi Breton sai a rataya masa wani abu a wuya, sau da yawa takalmin katako, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yaron yana yi ya miƙa masa. Wanda aka tashi da abin a wuyansa shi ke shan horo. Sunan abin symbole, kuma dattawan da suka yi boko a Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa, don da shi aka hana su Hausa da Zabarmanci a harabar makaranta. Illarsa ta fi duka. Yaran da suka sha wannan kunya su ne suka girma suka ƙi koya wa 'ya'yansu, suna ganin gata suke yi musu.

Farfaɗowar ta fara ne daga iyaye. A 1977 aka buɗe makarantar Diwan ta farko, inda ake koyar da komai da Breton. Yau ɗaliban da ke karatu da harsuna biyu, in aka haɗa Diwan da makarantun gwamnati da na coci, sun kai wajen 20,000. Adadi ne mai faranta rai, amma bai kai ya cike gurbin masu mutuwa ba. Allunan hanya da ke ɗauke da harshe biyu na iya ruɗar baƙo ya zaci kowa na yi. Wanda ke son ji da kunnensa sai ya nufi yamma, Finistère da yammacin Côtes-d'Armor, ya shiga kasuwar ƙauye ko ya kama tashar rediyon yankin. Gabashin yankin, wajen Rennes da Saint-Malo, dama can harshen gargajiyarsu Gallo ne, ɗan'uwan Faransanci.

Kiɗa da rawa sun fi harshen sa'a. Fest-noz, rawar dare ta gayya, ta shiga jerin UNESCO a 2012. Asalinta daga aikin gona ne: in an gama aikin gayya, ko ana son daɓe masussuka ko tsakar ɗaki, sai a taru a yi ta taka rawa har ƙasa ta daddale. Ana yin layi ko da'ira, a wasu raye-rayen a saƙala ƙaramin yatsa da na maƙwabci, a wasu a riƙe hannu gam. Mawaƙa biyu ke bayarwa da amshi, na biyu yana shigowa kafin na farko ya dire, don kada sautin ya yanke ko na numfashi ɗaya. Ko kuma a busa bombarde, algaitarsu mai kaifin murya, tare da biniou, ƙaramar jakar busa. Ba wasan nuna wa baƙi ba ne, kusan kowane ƙarshen mako ana yi a wani gari, kaka da jika a layi ɗaya.

Manyan ƙungiyoyin busa da ganguna da ake kira bagad, waɗanda ke cika hotunan talla, sababbin abu ne. A ƙarshen shekarun 1940 aka ƙirƙiro su, aka kwaikwayi na Scotland har da aro babbar jakar busarsu. Tutar yankin mai fari da baƙi ma a shekarun 1920 aka zana ta. Wannan bai rage musu daraja ba, al'ada mai rai dole ta yi aro, amma ya kamata a san shekarun kowane abu. Babban taronsu shi ne bikin Keltawa na Lorient, wanda ake yi tun 1971, kwana goma a farkon Agusta, da mahalarta dubu ɗaruruwa.

A ɓangaren addini akwai pardon, ziyarar shekara-shekara da kowane gari ke yi wa waliyyinsa, da tutoci da kayan gargajiya. Na Sainte-Anne-d'Auray ranar 26 ga Yuli shi ne mafi girma. A Locronan duk shekara shida ake zagayen kilomita 12 a ƙafa, an yi a 2025. Amma wanda zai fi ba mai karatunmu mamaki yana wani ƙauye ne kusa da Lannion, Le Vieux-Marché. Can akwai wani ƙaramin coci na farkon ƙarni na 18 da aka gina a kan kabarin zamanin dutse, aka keɓe shi ga samarin nan bakwai da suka yi barci a kogo, wato Ashabul Kahfi. Masanin Faransa Louis Massignon ya lura cewa tsohuwar waƙar Breton da ake rerawa a wurin labarinta ɗaya da na sura ta 18, sai a 1954 ya gayyaci Musulmi. Tun daga nan, a ƙarshen mako na huɗu na Yuli, Kirista da Musulmi ke haɗuwa a ƙauyen, a karanta Suratul Kahfi a bakin wata maɓuɓɓuga da ke kusa.

Lissafin teku

Nan ne ya kamata a tsaya sosai, domin nan ne ake rasa rai. Sau biyu a yini teku ke cikowa, sau biyu yake janyewa, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kimanin minti 50. A yawancin gaɓoɓin duniya bambancin mita ɗaya ne ko biyu. A Saint-Malo yana kaiwa mita 12 har ya ɗara, a mashigin Mont-Saint-Michel, tsibiri mai tsohon coci da ke gabas da garin, ya kan kai 14. Dalili shi ne siffar gaɓar: ruwan Atlantika na turowa cikin mashigin da ke tsakanin Faransa da Ingila, ya ci karo da zirin Cotentin, ya taru a kusurwa marar zurfi. Da wannan ƙarfi ne tashar lantarki ta kogin Rance ke aiki tun 1966, da injina 24 masu ba da megawat 240.

Girman cikowa yana bin wata. In rana da wata suka daidaita a layi ɗaya, jansu ya haɗu, ruwa ya cika sosai ya kuma janye sosai. Ga mai bin kalandar Hijira abin da sauƙi: manyan cikowa na zuwa wajen 1 zuwa 3 ga wata, da kuma 15 zuwa 17. Ƙananan kuwa wajen 8 zuwa 10, da 23 zuwa 25. Mafiya girma a shekara na faɗowa kusa da ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba. Faransawa sun ba kowace cikowa maki daga 20 zuwa 120, suna kiransa coefficient. Maki 45 ƙarama ce, 70 matsakaiciya, daga 90 zuwa sama babba. Hukumar nazarin teku ta Faransa, SHOM, ce ke fitar da jadawalin, ana liƙa shi a tashoshin jiragen ruwa da ofisoshin yawon buɗe ido, yana kuma intanet. A duba na garin da ake ciki, ba na maƙwabta ba, don tsakanin Brest da Saint-Malo akwai tazarar fiye da awa biyu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton ruwa na hawa da gudu ɗaya. Masu jirgi suna raba hawan gida goma sha biyu a kan awa shida: awar farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. A ranar da bambancin ya kai mita 12, awar farko mita ɗaya kacal ruwa zai hau, mutum ya ga kamar babu abin da ke faruwa. A awa ta uku kuwa mita uku zai hau, santimita biyar ke nan kowane minti. Cikin minti ashirin, inda ƙafa ke kan busasshen yashi ruwa ya kai ƙugu. Kuma ba daga gaba yake zuwa ba kawai. Yana fara cika kwaruruka da magudanan da ke bayan mutum, sai ya waiwaya ya ga ya zama a tsibiri.

Ƙa'idar ita ce a fita ana bin ruwa yayin da yake janyewa, kamar awa biyu kafin ya kai ƙarshe, a juyo da zarar ya tsaya. Tsibirin Grand Bé da ke gaban ganuwar Saint-Malo, inda kabarin marubuci Chateaubriand yake, misali ne na kullum: hanyarsa na buɗewa 'yan awoyi kaɗan. Wanda ruwa ya tare, ya zauna a tsibirin ya jira awa shida ɗin, kada ya ce zai ratsa, domin ruwan da ke gudu a mashigar na kayar da ƙato. Lambar ceto a teku 196 ce, ta gaggawa gaba ɗaya 112. Mashigin Mont-Saint-Michel kuwa, wanda tsibirinsa a mulki yana yankin Normandy ne, ba a ratsa shi sai da ɗan jagora mai lasisi saboda yashi mai haɗiye ƙafa da hazo mai saukowa farat ɗaya.

A ranakun babbar janyewa za ka ga iyalai da bokitai suna tono kaguwa da kawa da sauran masu ɓawo. Kowa na iya yi, amma da doka: kowane iri da mafi ƙanƙantar girman da aka yarda a ɗauka, akwai wuraren da ake rufewa saboda gurɓata, kuma dutsen da aka ɗaga dole a mayar da shi yadda aka same shi, in ba haka ba halittun da ke ƙarƙashinsa su mutu a rana.

Gishirin Guérande ma ɗan wannan lissafi ne. Fadamar ta kai kimanin hekta 2,000, an tsaga ta fangali-fangali a kan yumɓu. Lokacin babbar cikowa mai gishiri ke buɗe ƙofa ruwan teku ya shiga tafkin ajiya, laka ta kwanta. Daga nan ruwan ke gangarawa a hankali ta fangaloli masu bi da bi, kowanne ya ɗan fi na baya ƙasa, zurfin bai wuce 'yan santimita ba. Rana da iska na shanye shi, gishirin da ya fara da wajen giram 30 a lita ya haura 250 kafin ya isa fangalin ƙarshe mai faɗin kimanin murabba'in mita 70. A ƙasan fangalin gishiri mai tsakuwa ke taruwa, ruwan toka saboda yumɓu, a jawo shi da katako mai doguwar ƙota. A saman ruwa kuma, in yammaci ya yi da busasshiyar iska, wani fari mai laushi ke yin ɓawo, shi ne fleur de sel, a kwashe shi a hankali kafin raɓa ta nutsar da shi. Wanda ya san aikin gishiri a Bilma zai gane dabarar nan take, sai dai mutumin Bilma ba ya kwana da fargabar hadari. A Guérande ruwan sama na dare ɗaya na iya mayar da aikin kwanaki baya, damina mai yawa kuma ta cinye shekarar. Daga Yuni zuwa Satumba ake kwasa. Da yake sarakunan Faransa ba su ɗora wa Bretagne harajin gishiri ba, mutanen suka saba zuba shi a man shanu, abin da ya zama tambarin girkinsu.

Hanyar bakin gaɓa da abin da hoton talla ke ɓoyewa

A 1791 aka shata wata 'yar hanya a bakin gaɓa don jami'an kwastan su riƙa sintirin 'yan fasa-ƙwauri. Ita ce yau GR 34, fiye da kilomita 2,000 daga Mont-Saint-Michel zuwa Saint-Nazaire, da alamar fenti fari da ja. Mai yin kilomita 20 a yini sai ya haura wata uku, don haka yanki ake zaɓa. Mafi sauƙi kuma mafi kyau ga sabon zuwa shi ne daga Perros-Guirec zuwa Ploumanac'h, tafiyar awa ɗaya da rabi cikin manyan duwatsu masu launin jan garura da iska da ruwa suka sassaƙe. Masu ƙarfin gwiwa su nufi Crozon, ko Cap Fréhel, ko Pointe du Raz, inda gaɓar ke tsaye mita 70 a kan ruwa. Kada taswira ta yaudari mutum, hawa da gangara sun fi abin da ido ke gani, kuma bakin gaɓar na zaftarewa bayan ruwan sama.

Tsibiran ma kowanne da halinsa. Ouessant, can ƙarshen yamma, iska ce da hasumiyoyin fitila, jirgi na tashi daga Brest da Le Conquet, kuma in teku ya yi fushi a soke tafiya, don haka kada a sa ta a jajibirin komawa gida. Bréhat babu motoci, kuma tun 2023 ake ƙayyade masu shiga da rani zuwa 4,700 a yini saboda cunkoso.

Akwai abubuwa uku da ya kamata baƙo ya sani. Na farko, ciyawar teku mai kore. Fiye da rabin aladun Faransa a Bretagne ake kiwonsu, ga kaji ga shanu. Takin da ya yi wa gonaki yawa na bin koguna zuwa mashigai marasa zurfi, ya ciyar da wata koriyar ciyawa da ke tulawa a bakin ruwa da rani, musamman wajen Saint-Brieuc da Lannion. Ɗanyarta ba ta da illa. In ta taru ta ruɓe, samanta ya bushe ya yi farin ɓawo, to a ƙarƙashi iskar guba ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi. A 2009 doki ya mutu a Saint-Michel-en-Grève bayan ya zurma ciki, a 2011 aka tsinci gawar aladun daji 36 a bakin wani kogi kusa da Saint-Brieuc. Ba a taka wannan ɓawo, ba a barin yaro kusa da shi.

Na biyu, malalar mai. Ranar 16 ga Maris 1978 jirgin Amoco Cadiz ya farfashe a gaban Portsall, ɗanyen mai kimanin tan 220,000 ya shafe gaɓa fiye da kilomita 300. Ƙugiyar jirgin tana nan a ajiye a tashar garin.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Kyawawan gidajen attajiran Nantes da kuɗin bayi aka gina da yawansu. Nantes ce babbar tashar cinikin bayi ta Faransa, jirage sun tashi daga can sau fiye da 1,700, suka kwashi 'yan Afirka wajen rabin miliyan. Saint-Malo da Lorient ma sun taɓa. A 2012 aka buɗe wurin tunawa a bakin kogin Loire, inda aka dasa sunayen jiragen a daɓen hanya. Ɗan Afirka da ya je yankin bai kamata ya wuce shi ba. Saint-Malo kuma, duk da kamanninta na tsufa, kusan kashi 80 cikin ɗari na cikin ganuwar ya ƙone a Agustan 1944, sake ginawa aka yi. Mai son tsohon gari na asali ya je Dinan, Vannes, Quimper ko Locronan.

Shirin tafiya

Bizar Schengen ake nema, kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024, tare da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Daga tashar Montparnasse a Paris jirgin ƙasa mai sauri na kai Rennes cikin awa ɗaya da rabi, Saint-Malo da Vannes wajen biyu da rabi, Brest da Quimper wajen uku da rabi zuwa huɗu. Manyan titunan cikin yankin ba a biyan kuɗin hanya. Motocin haya na ƙauye suna ƙaranci sosai ranar Lahadi da bayan rani, kuma mafi yawan wuraren da muka ambata ba sa kan layin dogo.

Mai mako guda kada ya ce zai zagaye yankin, a mota zai ƙare. Ya zaɓi masauki biyu: Vannes ko Auray don duwatsu da mashigin Morbihan, sai Quimper don harshe da gaɓar yamma, ko Saint-Malo don ganin babbar cikowa. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta Faransa duka na hutu, masauki ya yi tsada, hanyar Quiberon ta cushe. Yuni da Satumba sun fi. Zafin rani bai cika wuce digiri 20 zuwa 25 ba, ruwan teku kuma 16 zuwa 19, sanyin da ke ɗauke numfashin wanda bai saba ba. Rigar ruwa ta fi lema amfani, iska na karya lema. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Brest sai bayan ƙarfe goma na dare, sai a tsara Magariba da Isha'i da wannan a zuciya. Akwai masallatai a Rennes, Nantes, Brest da Lorient, a ƙauyukan gaɓa kuwa da wuya.

Abinci na buƙatar tambaya. Galette, faifan wainar da ake yi da garin wata ƙwaya mai suna buckwheat, ita ce abincin yankin, amma wadda aka fi saye, complète, da naman alade take zuwa, haka ma galette-saucisse ta kasuwar Rennes da dafukan kig ha farz. A nemi ta ƙwai da cuku, ko ta kifi, ko ta ganye. A kuma tambayi abin da ake shafa wa tandar, domin wasu masu bin tsohuwar hanya da kitsen alade suke shafawa: kalmar ita ce saindoux. Cidre da ake kawowa a kofin tangaram giyar tuffa ce, madadinta ruwan tuffa ko lait ribot, nono mai ɗan tsami da 'yan ƙasa ke sha da galette tun asali. Moules marinières, wasu masu ɓawo na teku, da farar giya ake dafa su, wainar far ma wani lokaci ana ɗiga mata barasa. Gasasshen kifi, da sadin na Douarnenez, da kouign-amann, burodin man shanu da sukari da aka ƙirƙiro a garin wajen 1860, ba su da wannan matsala. Gidajen abinci na ba da na rana ne daga sha biyu zuwa biyu, na dare daga bakwai zuwa wajen tara, a ƙananan garuruwa wanda ya makara sai ya nemi gidan burodi.